Kunyar Ɗan Fari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, aka yi masa sutura bayan azahar. Kafin la'asar tabarmin gidan sun kasa, sai da aka aro na masallaci. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da rabinsa kawai, domin na lura masu ta'aziyya da rabin suka zo.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya daɗe yana shugabantar kwamitin ladabtarwa a kwalejin da nake koyarwa a nan Daura, wadda ke ba da karatun digiri a ƙarƙashin wata jami'a mai nisa. Mu ke koyarwa, mu ke tsaron jarrabawa, amma takardar shaida da hatimin jami'ar take fitowa. Duk ɗalibin da aka kama da satar amsa, da duk wanda ya kawo koke a kan malaminsa, gaban Kawu yake fara zuwa kafin maganar ta tafi can a tabbatar da hukunci. Shi ya sa yawancin waɗanda suka cika ƙofar gidan tsofaffin ɗalibai ne, wasu har sun yi furfura. Wani ma ya zo yana kuka kamar ubansa aka binne. Kowa ya durƙusa gaban ɗan farin Kawu, tunda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce masa, "Malam ya cece ni." Shi kuwa ya ce, "Allah ya ba da lada," ya miƙa wa na gaba hannu.

Ɗan farin nan taubashina ne, na girme shi da 'yan shekaru, amma tun da ya iya magana yake kirana bawansa. A wurin sallar jana'iza kafaɗata tana jikin tasa. Da liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya yafe masa, sahu gaba ɗaya ya amsa, "Mun yafe." Bakin taubashina bai motsa ba. Na ɗauka ni kaɗai na gani, sai da na shiga cikin gida na tarar Inna, mahaifiyata, ta riga ta sani ba tare da an gaya mata ba.

"Bai faɗa ba ko?" in ji ta.

Na ce bai faɗa ba.

"To ka ji ni da kyau. Da an yi sadakar uku zai koma Kongolam, can bakin iyaka. In ya tafi da kalmar nan a cikinsa, ba zai ƙara kawo ta gidan nan ba, Yaya kuma yana can kwance da haƙƙin ɗansa a wuya. Kai ne abokin wasansa, kai kaɗai yake bari ka taɓa shi. Ka san yadda za ka yi."

Na fito na koma kan tabarma da wannan kaya a kaina, masu ta'aziyya kuwa suna ta ƙara mini nauyi ba su sani ba. Washegari wani hedimasta mai murya ya zo daga garin Babban Mutum, ya ce sai ya ba da labarinsa kowa ya ji. Yana ajin farko aka ga wata 'yar takarda a naɗe cikin hularsa ana tsakiyar jarrabawar lissafi. Dokar jami'a ta ce duk rubutun da aka samu a jikin ɗalibi a ɗakin jarrabawa, kora ce. Ya yi ta cewa laya ce mahaifiyarsa ta ɗinke masa, mai tsaron jarrabawar ya ce kowa ma haka yake faɗa. Ranar zama, Kawu ya tambaye shi ina babbansa, ya ce mahaifinsa ya rasu, ba shi da kowa a Daura. Sai Kawu ya tashi daga kujerar shugaba, ya zagayo ya zauna kusa da shi, ya ce wa mataimakinsa ya ci gaba. Aka warware layar a gaban wakilin jami'a, ashe ayoyi ne da tawadar zaure. Kawu ya duba ya ce, "In dai wannan ta amsa tambaya ta uku, ni ma a rubuta mini tawa." Hedimasta ya yi dariya, ya share hawaye da bakin rawani, sannan ya dafa gwiwar taubashina ya ce, "Mahaifinka uba ne ga kowa." Taubashina ya ce, "Haka ake faɗa."

Hedimasta bai yi ƙari a labarinsa ba ko da kalma ɗaya, haka Kawu yake. Dokarsa ta farko, wadda ba ta cikin littafin jami'a, ita ce kowa ya zo da babbansa. Ya ce ɗan manomin da bai taɓa shiga ofis ba, in ka zaunar da shi shi kaɗai gaban manyan malamai, ko bai yi laifi ba zai yi kama da mai laifi. Saboda haka akan aje kujera ɗaya kusa da ta ɗalibi, uba ko baffa ko malamin zaure ya zo ya zauna. Kafin a fara yakan cire agogonsa ya sa a aljihu, don kada wani ya ga yana duba lokaci ya taƙaita magana. In mai tsaron jarrabawa ya aiko da rahoto a rubuce ya ƙi zuwa, Kawu yakan tura rahoton gefe ya ce, "Takarda ba ta da baki, a kira mai bakin." In malamai suka matsa a yi kora don a tsorata sauran, ya ce, "Kora ba ta da wuya, mayarwa ce aiki." Kuma kada a ɗauka mai sanyi ne. Na ga ya kori ɗan amininsa, na ga ya tsayar da wani babban malami a gaban ɗalibar da ta kai kokensa, ya sa aka sake duba takardarta a jami'a, makinta ya dawo.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, mutane sun shiga wani zumuɗi, ko rigimar akuya ce sai ka ji an ce a ɗauko Alƙur'ani. Iyayen ɗalibai suka fara neman a bar 'ya'yansu su rantse a wuce wurin. Kawu mutum ne mai son Shari'a, ya yi karatun zaure kafin boko, amma ya ƙi. Ya ce kwamiti ba kotu ba ne, shi kuma ba alƙali ba ne. Yaron da ke tsoron kora zai rantse ko ya yi ko bai yi ba, in bai yi ba an wulaƙanta shi, in kuwa ya yi an bar masa digiri an ɓata masa lahira. An zage shi a kan wannan, har wani ya ce masa ɗan boko a bainar jama'a, bai sauya ba.

Wannan shi ne rabin da masu ta'aziyya suka zo da shi. Ɗaya rabin yana cikin gida.

Kawu na cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin ya kira taubashina da sunansa ba, sai dai "wannan yaron" ko "na wajenku". Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa yaba shi ba, in ya shigo zaure Kawu yakan sami abin dubawa a wani gefe. Tun yana ƙarami aka kai shi Baure wurin Baffa, ƙanen Kawu da ke noma a can, sai da ya isa sakandare ya dawo. A wurinmu wannan ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san wanda aka fi kau da kai a kansa shi ne aka fi so. Taubashina ma ya sani, yakan yi mini ba'a da shi, ya ce shi sarauta ce ta hana a kira sunansa, ni kuwa bawa kowa na iya ƙwala mini kira.

Yana shekarar ƙarshe a kwalejin abin ya faru. Malamin da jami'a ke aikowa ya duba makin da muka bayar ya ci karo da takardun amsa biyu da suka yi kama, kalma da kalma. Ɗaya ta taubashina, ɗaya ta ɗalibin da ya zauna a bayansa, ɗan wani dillalin shanu. Ni a lokacin ina can jami'ar ina ƙaro karatu, labarin ya iso ni bayan an tashi daga zaman, abin da ya faru a ɗakin kuwa mataimakin Kawu ne ya ba ni shi daga baya. Na san karatun taubashina, na san ba ya bukatar amsar kowa, kuma har gobe a kan haka nake. Amma sanina ba hujja ba ce.

Da maganar ta zo teburin Kawu, ya ce ta shafi gidansa, ya miƙa wa mataimakinsa, ya koma ofis ya rufe ƙofa. Wannan daidai ne, doka ma haka ta ce. Sai dai doka ba ta hana shi zuwa ya zauna a kujerar babba ba, kunya ce ta hana. Aika wa Baffa ya zo daga Baure ma bai iya ba, domin a ganinsa wannan ɗin ma nuna so ne. Ya ɗauka labari zai kai Baure da ƙafarsa, ƙanensa ya taso ba sai an kira shi ba, kamar yadda aka saba. Baffa kuwa ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce harkar makaranta ce, ga masaninta a gida, me manomi zai je ya ce. Taubashina bai aika wa kowa ba, yana jira ya ga abin da mahaifinsa zai yi. Mahaifiyarsa ita ma ɗan farinta ne, ta kasa ko tambaya, sai kuka a madafa.

Ranar zama ɗan dillali ya zo da ubansa da kawunnansa. Kujerar da ke kusa da taubashina ba kowa. Dillalin ya ce a ɗauko Alƙur'ani, mataimakin ya duba bai ga Kawu ba, ya yarda. Ɗan dillali ya yi alwala ya rantse cewa amsarsa daga kansa ta fito. Aka juyo kan taubashina, ya dubi ƙofa, ya ce ba zai rantse ba. Wani malami ya ce ai wanda ya ƙi rantsuwa ya amsa laifi. Wakilin jami'a, wanda ba mutumin ƙasar nan ba ne, ya tambaya ina mahaifin yaron, ba shi ne shugaban kwamitin ba? Aka ce yana ofishinsa, nan kusa. Sai ya ce mutumin da ya yi suna wajen tsaya wa 'ya'yan wasu, in ya ƙi fitowa don nasa, lalle akwai abin da ya sani. Duk sauran da ke ɗakin mutanenmu ne, sun san dalili sarai. Amma wa zai buɗe baki a gaban baƙo ya ce Malam son ɗansa ne ya hana shi zuwa? Su ma kunyar Kawu suka ji, suka yi shiru, aka rubuta kora.

Na dawo Daura a fusace. Akwai sauran dama, domin jami'a tana ba da 'yan makonni a ɗaukaka ƙara, amma sai ɗalibin ya sa hannu da kansa. Na sami Kawu a zaure bayan la'asar, kafin in gama gaisuwa ya ce, idonsa a kan carbi, "Ka gaya wa ɗalibin da abin ya shafa, rantsuwa ba ta cikin dokar jami'a. In ya ɗaukaka ƙara za a saurare shi."

Na ce, "Kawu, ɗalibin yana ɗakin nan na bayanka, yana ma jin muryarka."

"Na ba ka saƙo," in ji shi.

Na kai saƙon. Taubashina yana kwance rigingine, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya ce ban yi ba?"

"Ya ce za a saurare ka."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, bawa."

Na lallashe shi, na zage shi, na ce masa girman kai rawanin tsiya ne. Ya ce shi ba digirin ne ya dame shi ba. Duk Daura ta ɗauka mahaifinsa ya yanke masa hukunci da rashin zuwa, shi ma kuma ya fara ɗauka. In Kawu ya ce masa da bakinsa, ko a bayan ƙofa ne, "Na san ba ka yi ba," a take zai sa hannu. In bai faɗa ba, jami'a ta riƙe takardarta.

Inna ce ta yi abin da ya gagari kowa. Ta ja mayafi ta same shi a zaure, ina tsaye a bakin ƙofa.

"Yaya, kai inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ɗan kowa ka tashi ka zauna kusa da shi, naka ka bar shi kamar maraya. Kalma ɗaya yake nema. Ka shiga ka faɗa masa, ni zan toshe kunnena."

"Ni ma ɗan fari ne a wurin Baba," in ji Kawu. "Kin taɓa ji ya kira sunana? Ga ni ban mutu ba."

"Baba gona ya ba ka, bai bar ka gaban kwamiti kai kaɗai ba."

"In na ce bai yi ba, a matsayin wa na faɗa? Uba ko shugaba? Ban ga takardun ba, ban ji shaidu ba. Ya bi hanyar da kowa ke bi."

"To Allah ya ba ka ladan kowa," in ji Inna, ta fita. Sun yi wata da watanni ba sa haɗa ido.

Na tsani Kawu a wannan rana, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Na san yana jin abin da muke ji har ya fi, shi ya sa ma na ƙara jin haushi. Wa'adin ya zo ya wuce, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Taubashina ya tattara kayansa ya tafi Kongolam, ya shiga awon hatsi da cinikin dabbobi da mutanen tsallake, Allah ya buɗa masa. Duk salla yakan zo ya durƙusa a zaure, Kawu ya ce, "Lafiya lau, ya hanya?" ya ce, "Alhamdu lillahi," shi ke nan sai wata sallar.

Kawu kuwa ya shiga zirga-zirga tsakanin Daura da jami'ar, da tsufansa, a motar haya, har sai da aka rubuta a doka cewa ba a rantsar da ɗalibi a kwamiti, kuma ba a zama sai da babbansa, in ba shi da kowa kwaleji ta nemo masa. Bai taɓa gaya wa kowa dalilinsa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ɗaliban da suka zo bayan nan sun ci moriya ba su san wanda aka sadaukar ba.

Ranar sadakar uku aka yi addu'a da safe, aka raba waina da gumba, mutane suka fara raguwa. Na ga direban taubashina yana goge gilashin mota. Inna ta leƙo ta soro ta zuba mini ido. Na ja hannunsa muka zagaya bayan gida gindin darbejiya, na ce bari in fara da wasa, na ce masa yanzu da ya gaji gida sai ya 'yanta ni. Ko murmushi bai yi ba.

"Kai ka yi jinyarsa a asibiti," in ji shi. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ya taɓa ce maka ban yi ba?"

Wallahi na so in yi ƙarya. Kalma ce ƙarama, mai ita ba ya nan balle ya ƙaryata ni, Inna ma da za ta sa mini albarka. Amma mutumin nan shekara da shekaru yana jiran gaskiyar magana, ban ga yadda zan ba shi jabu ba.

Na ce, "Bai taɓa faɗa ba. Na tambaye shi a asibiti, ni da shi kaɗai. Ya juya fuska bango, ya ce in gyara masa filo."

Na so in ƙara da maganar dokar da ya sa aka rubuta, ya ɗaga mini hannu.

"Wannan ta ɗalibai ce," ya ce. "Da ka ce ya faɗa, da na san ƙarya kake. Ba zai iya ba."

Ya juya ya koma ƙofar gida, na bi shi, ban san ko mota zai nufa ba. Liman yana nan, Baffa yana nan ya tsufa ya ranƙwafa, da sauran dattawan unguwa. Taubashina ya durƙusa gaban liman.

"Malam, na yafe wa mahaifina duniya da lahira. Ku shaida."

Liman ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya karɓi alherinsa ya rufe kuskurensa, ya haɗa uba da ɗa a gidan da ba a jin nauyin kowa. Muka ce amin, na ji kukan Inna daga cikin soro. Ni ma a nan na yafe masa nawa haushin, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ɗan farin taubashina yana gefe yana naɗe tabarmi, saurayi ne da ya sami gurbin karatu a kwalejinmu a bana. Taubashina ya miƙe, ya ƙwala masa kira da sunansa na yanka, da ƙarfi, har mata suka ji daga ciki. Saurayin ya daskare da tabarma a hannu, bai taɓa jin sunan nan a bakin ubansa ba. Da ya matso, uban ya kama hannunsa ya riƙe a gaban kowa.

"Ka ji ni. Duk ranar da aka ce ka yi wani abu a makarantar nan, ni za ka fara kira. Ko ka yi ko ba ka yi ba, zan zo."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Subhanallahi. Ɗan fari ne fa."

"Na sani, Baffa," in ji taubashina. "Ni ma shi ne."